Ma'aikatan dindindin ko 'yan kazuwal? Ina neman shawara kan otal ɗinmu

Sani_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da abin da ke damuna, ina so manya su sa mini baki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ƙaramin otal a nan Kumasi, ɗaki 22 da zauren taro guda. Shekara biyu ke nan ina riƙe da shi. Ma'aikata 13 na tarar, duk masu albashin wata. Daga Litinin zuwa Alhamis, in muka samu mutane a ɗaki shida ko bakwai to mun gode Allah. Amma Juma'a da Asabar, idan Tonawa, wato mutanen Asante, na da jana'iza, ko tabarma ka shimfiɗa a baranda sai ka samu mai biya. Haka makon yaye ɗalibai a jami'ar KNUST, haka Disamba. Kwana biyu ke ciyar da kwana biyar.

Yayana da ke Jamus ya dage in sallami mutum tara in bar huɗu, duk ƙarshen mako in kira 'yan kazuwal in biya su na yini. Ya ce haka ake yi a can. Ba zan ɓoye ba, lissafinsa a takarda ya yi kyau. Zuciyata ce ba ta kwanta ba. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini gaskiya, riba ce ko asara?

Baaba_Sawaba
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji. Kafin kowa ya ce komai, cikin taran nan mutum nawa suka yi wa mahaifinku aiki fiye da shekara goma?

Sani_Aboabo
Biyar, Baaba. Mai gadi ma tun ana zuba harsashin ginin yake nan.

Baaba_Sawaba
To. Bari in saurari yara tukuna.

Inusa_Tafo
Ni dai ina bayan yayanka. Ina da zauren biki, kuma mutum uku kawai nake biya a wata. Ranar da aka kama zauren sai in kira yara goma sha biyu, su jera kujeru, su raba abinci, su share, da dare in tura musu kuɗinsu ta momo, wato ta waya, kowa ya kama gabansa. Ranar Talata ba na bin kowa, ba mai bi na. Kai kuwa kana biyan mutum 13 su zauna suna kallon talabijin a falo kwana huɗu. Wannan ba kasuwanci ba ne, gidan marayu ne. Ka yi haƙuri da bakina.

Fati_Asawasi
Malam Inusa, zauren biki daban, otal daban. Kujera ba ta da maɓalli. Baƙo kuwa yana barin jakarsa da fasfo ɗinsa a ɗaki ya tafi wurin jana'iza tun safe sai dare. Wa za ka ba mabuɗin ɗakin? Yaron da ka sani jiya?

Inusa_Tafo
Ai tsofaffin ma'aikata ma suna sata, Fati. Ɓarawon gida ya fi na waje sanin inda ake ajiya.

Fati_Asawasi
Suna yi, amma ka san gidansu, ka san limaminsu, kuma suna da abin da za su rasa.

Akanta_Mariya
Bari in kawo lissafi, tunda shi ne aikina. Abin da ke sa masu otal gudun na dindindin ba albashin kaɗai ba ne. Dokar fansho ta 2008, wato Act 766, ta ce mai aiki zai ƙara kashi 13 cikin ɗari a kan albashin tushe, a cire wa ma'aikaci kashi 5.5, jimla 18.5. A ciki 13.5 na tafiya SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana, 5 kuma na tafiya asusun fansho na mataki na biyu. Misali mai albashin tushe sidi 1,000, kai za ka fitar da 130 a kai, shi a cire masa 55. Dole a biya kafin 14 ga watan da ke biye, in ka makara akwai tara ta kashi 3 duk wata. Ga hutun shekara kwana 15 na aiki da cikakken albashi, ga hutun haihuwa mako 12.

Amma Sani, ka tambayi yayanka wannan: ya sa SSNIT a lissafin 'yan kazuwal ɗin? Domin mutane da yawa sun ɗauka kazuwal ba ruwansa da SSNIT, alhali hukumar na cewa duk wanda kake biya lada ma'aikacinka ne. Ga kuma harajin kashi 5 da GRA, hukumar haraji, ke so a cire daga kuɗin ɗan kazuwal. Yawancin ribar da ake gani a takarda, in ka duba da kyau, kuɗin da aka ƙi biya ne kawai, ba kuɗin da aka rage ba.

Sani_Aboabo
Hajiya Mariya, wallahi bai sa ba. Kuɗin yini kawai ya ninka da kwana takwas a wata.

DanLeba
Na daɗe ina karanta zauren nan ban yi magana ba, yau dai an taɓo inda nake. Akwai ruɗani a kalmomin da kuke amfani da su. Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta raba su biyu. Ɗan kazuwal shi ne wanda aikinsa na lokaci-lokaci ne ko na yanayi, ana lissafa kuɗinsa da yini, kuma ba ya wuce wata shida a jere. Na wucin gadi shi ne wanda aka ɗauka na wata ɗaya ko fiye amma ba a tabbatar da shi ba. Sashe na 75 ya ce na wucin gadi in ya yi wa mutum ɗaya aiki wata shida a jere, to a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Ko ka rubuta masa takarda ko ba ka rubuta ba.

Sashe na 74 kuma ya ba ɗan kazuwal haƙƙinsa: lada daidai da na wanda ke irin aikinsa, kuɗin ƙarin lokaci in ya wuce awowinsa, da kulawar lafiya irin wadda ake ba sauran ma'aikata. Idan ya zo aiki ruwan sama ya hana, ka biya shi cikakken kuɗin ranar. Mafi ƙarancin lada na yini a 2024 sidi 18.15 ne, a 2025 ya koma 19.97, ko da yake mun san ba wanda zai tsaya maka tun safe har dare a wurin jana'iza kan wannan.

Sai babbar maganar. Sallamar mutum tara lokaci guda don ka sauya tsarin aiki ba abu ne da ake yi da baki ranar Juma'a ba. Sashe na 65 ya ce ka rubuta wa babban jami'in ƙwadago, da ƙungiyar ma'aikata in akwai, wata uku kafin nan. Kuɗin sallama dokar ba ta yanka adadi ba, ciniki ne tsakaninku, in kun kasa daidaitawa sai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Mai shekara goma sha biyar ba zai karɓi albashin wata ɗaya ya ce an gode ba.

Inusa_Tafo
DanLeba, duk wannan a littafi yake. Wane ƙaramin otal ne a Kumasi ke rubuta wa jami'in ƙwadago? Ku riƙa faɗa wa mutum abin da ake yi a ƙasa.

DanLeba
A littafi yake har ranar da mutum ɗaya ya ɗauki ƙara. Daga ranar ya sauko ƙasa.

Fati_Asawasi
Tunda an kawo maganar wata shida, bari in ba ku nawa. Na yi gyaran ɗaki a wani otal, ba zan kama suna ba, shekara huɗu. A shekara huɗun nan sau takwas ana sallama ta. Da mun kai wata biyar sai madam ta kira mu ta ce ku je gida ku huta, sati biyu ko uku a sake kiranmu kamar sababbi. Mu ba mu san dalili ba, muna cewa kasuwa ce ta faɗi. Sai da na je buɗe asusu ana tambayata lambar SSNIT na gane ba a taɓa saka mini ko pesewa ba. Shekara huɗu a banza, alhali wata 180 ake so mutum ya tara kafin ya samu fansho.

Amma ku ji abin da ya samu otal ɗin. Da muka gane, kowa ya daina sa zuciyarsa. Famfo na ɗiga a ɗaki, ba mai faɗa. Zanen gado ya fara yagewa, a juya shi a shimfiɗa. Me ya dame ni, ai wata mai zuwa ba na nan. Ni da kaina na ga kwarkwatar katifa a ɗaki guda na yi shiru, Allah ya yafe mini, kafin a farga ta kama ɗaki biyar. Katifun da madam ta ƙona sun fi abin da ta hana mu. Yanzu inda nake shekara uku, na san baƙon da ke son filo biyu, na san wanda ba ya son a taɓa masa takardu. Akwai wani dattijo daga Landan, duk zuwansa ni yake tambaya tun a ƙofa.

Ummi_Alabar
Fati, Allah ya saka miki. Ƙanwata ma haka aka yi mata a wani gidan abinci.

Yaron_Nima
Gaisuwa daga Accra. Ku bar ni in ɗan kare 'yan kazuwal, don ni da shi na fara. Tun 2019 da aka yi Shekarar Komowa Gida, wadda Ghana ta gayyaci baƙaƙen fata mazauna ƙetare su zo, Disamba a Accra ya zama wani abu daban. Otal-otal na Osu da Labadi da kewayen filin jirgi ba yadda za a yi su riƙe yawan mutanen da suke buƙata a Disamba har tsawon shekara. Liyafar mutum ɗari biyar kana son 'yan sabis arba'in na dare ɗaya, ina za ka kai su a watan Yuni ana ruwa? Manyan otal duk haka suke yi: teburin karɓar baƙi, sito, akanta, manyan kuku da masu kula da ɗakuna na gida ne, masu raba abinci a taro kuwa ana kiransu. Ni ina makaranta da wannan na biya kuɗin haya. Ba kowa ke neman aikin dindindin ba, wani Asabar kawai yake da ita.

Sannan ku tuna 2020, shekarar korona. An rufe iyakoki a watan Maris, filin jirgi bai buɗe ba sai 1 ga Satumba, an taƙaita jana'iza zuwa mutum 25. Masu otal da ke da dogon jerin albashi sun sha wuya, wasu ba su sake buɗewa ba. Don haka tsoron yayan Sani ba na banza ba ne.

Kuku_Tanko
Yaron Nima, a 2020 ɗin wa aka fara kora? Ku. Ba takarda, ba sallama, waya kawai aka daina kira.

Yaron_Nima
Gaskiya ne, Kuku. Wata bakwai ina sayar da katin waya. Ban ce daɗi gare shi ba, na ce akwai inda ya dace.

Kuku_Tanko
To bari in yi maganar kicin, shekara 19 ina gaban wuta. Sani, ko me za ka yi, kada ka mai da kicin wurin shiga da fita. Na ɗaya, duk mai taɓa abinci sai da takardar gwajin lafiya daga hukumar gari, kuma jami'an tsafta na iya faɗo maka ba sanarwa. Yaron da ka kira ranar Juma'a da yamma yaushe ya je gwaji? Na biyu, hannu. Jollof ɗin da baƙo ya ci wancan watan ya dawo dominta, in ya tarar da wani hannu ya san an canza. Na uku, awo. Ni na san buhun shinkafa faranti nawa zai ba ni, na san galan ɗin mai kwana nawa zai yi. Sabon hannu zai ƙona maka, ya zubar, ya cika wa mutane faranti don a yabe shi. Asarar ba ta fitowa a takardar albashi, a sito take fitowa, shi ya sa na Jamus ba zai gan ta ba.

Akwai ranar da aka kawo mana wani yaro don taron suna, ba wanda ya nuna masa yadda murhun gas ɗinmu yake. Mai ya watso masa a hannu har gwiwar hannu. Mai gida ya ce ai ba ma'aikacinsa ba ne, na ejan da ya kawo shi ne. Ejan ya ce a kicin ɗinku ya ƙone. Mu muka yi karo-karo muka kai shi asibiti.

DanLeba
Wannan akwai dokarsa tun 1987, ta diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, PNDCL 187. Kuma duk ejan da ke samo wa mutane ma'aikata dole ya kasance da lasisi daga ma'aikatar ƙwadago. Sani, in har za ka bi ta ejan, ka ce ya nuna maka lasisin, kuma a rubuta wa ke biyan SSNIT, wa ke ɗaukar asibiti. In ba a rubuta ba, ranar tsiya kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Ummi_Alabar
Ejan kuma sai ka sa ido. Kai ka ba shi kuɗin mutum goma cikakke, shi ya yanke nasa, ya riƙe na yaran sati biyu. Yaran ba ejan za su zaga ba, sunan otal ɗinka za su ɓata a zango.

Malam_Hudu
Assalamu alaikum. Ina so in tunatar da mu abu guda. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Biyan yini ba laifi ba ne, ijara ce halattacciya in an faɗi aiki an faɗi lada. Abin da ba shi da kyau shi ne dabarar da 'yar'uwa Fati ta faɗa, a sallami mutum a wata na biyar don kada haƙƙinsa ya tabbata. Wannan wayo ne a kan mai rauni. Sannan Sani, ina tambaya, akwai giya a otal ɗin? Domin 'yan jana'izar nan ka san halinsu.

Sani_Aboabo
Babu, Malam. Baba bai taɓa yarda ba, ni ma ban canza ba. Masu so suna tsallaka titi.

Inusa_Tafo
Ka ga inda kuɗinka ke tafiya ke nan, tsallaken titi.

Malam_Hudu
Su tafi da shi, Inusa.

Hajiya_MaiTuwo
Ku bar maganar giya kada zaure ya watse, an san inda take kai mu. Sani ɗana, ni wata hanya zan nuna maka. Mutum nawa ne a kicin cikin 13 ɗin?

Sani_Aboabo
Huɗu, Hajiya. Biyu a karɓar baƙi, uku gyaran ɗaki, ɗaya wanki, masu gadi biyu, sai mai kula da janareto da famfo.

Hajiya_MaiTuwo
Kicin mai mutum huɗu yana dafa wa ɗaki shida? Ai nan ne yoyon yake. Ba mutanen ne suka yi yawa ba, aikin ne ya yi kaɗan. Ka buɗe taga ta bakin titi su riƙa sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da safe, tuwon zafi da rana. Ka karɓi odar abincin suna da biki da addu'ar kwana arba'in, zango ba ya rabuwa da taro. Ko kuma ka ba babban kukun hayar kicin ɗin, ya riƙe yaransa, ya riƙa ba baƙinka karin kumallo a farashin da kuka yanka. Ni haka na fara a wani masauki, shekara shida muna tare da mai shi ba mu taɓa faɗa ba. Wankin ma haka, injin yana zaune kwana huɗu alhali maƙwabta na kai kaya wani wuri.

Kuku_Tanko
Hajiya ta faɗi magana. Amma a tambayi kukun tukuna, ba kowane mai iya girki ne ya iya riƙe kuɗi ba. Ni kaina an taɓa ba ni, wata huɗu na mayar.

Akanta_Mariya
In ƙara a kan na Hajiya. Sani, yaushe ma'aikatanka ke hutun mako?

Sani_Aboabo
Juyi suke yi, amma yawanci kowa na son Juma'a ko Lahadi. Haka na tarar.

Akanta_Mariya
Ka ji. Kana ba da hutu ranar da gida ya cika, kana tara mutane ranar da ba kowa. Doka ta ce awa 40 a mako da hutun awa 48 a jere. An fi son ya faɗa Asabar da Lahadi, amma otal ba ofishin gwamnati ba ne. Ka zauna da su ku mai da hutun Litinin da Talata ga wasu, Talata da Laraba ga wasu. Juma'a a ba da lokacin masallaci. Hutun shekara kuma a tura shi watannin da kasuwa ke sanyi, kada wanda ya tafi a Disamba. Ka ɗauko littafin baƙi na shekara biyun nan ka ƙirga ɗakunan da aka kwana kowane dare. Akwasidae ma, bikin gargajiyar Asante, duk kwana 42 take zuwa, ana sanin ranarta tun farkon shekara, ka sa ta a kalanda. In ka yi haka za ka ga ainihin mutum nawa kake buƙata ranar Laraba, ba da ƙiyasi daga Jamus ba.

BabanZainab
Ni tambayata daban. Me ya sa ba za ka kawo 'yan'uwa ba? Yaran gida na zaune ba aiki, su taimaka ƙarshen mako, ka ba su na sabulu.

Ummi_Alabar
Kai BabanZainab, kana so ka kashe shi? Ɗan'uwa ba ya koruwa. Ranar da ka yi masa faɗa kan ya makara, da yamma gwaggo na ƙofar gidanka.

Inusa_Tafo
A nan dai ni da Ummi bakinmu ɗaya. Ɗan ƙanwata ya taɓa ba abokansa zaurena kyauta suka yi casu, har yau ban isa in yi maganar ba.

Fati_Asawasi
Kuma ranar Sallah duk za su ɓace lokaci guda. Shi ya sa yana da kyau a gauraya. Inda nake, mu muke riƙe Kirsimeti da Ista, abokan aikinmu Kirista su riƙe mana Sallah biyu. Ba manaja ne ya tsara ba, mu muka shirya tsakaninmu. Wannan ma sai mutanen da suka daɗe tare.

Yaron_Nima
Sani, in ka tashi kiran na ƙarshen mako, kada ka riƙa tsintar sababbi kowane sati. Ka samu mutum shida ko takwas da ka sani, ɗaliban koyon girki da aikin otal sun fi, ka koya musu sau ɗaya, ka ɗinka musu riga, su kake kira kullum. Ka faɗa musu tun Laraba, ba Juma'a da dare ba. Ka biya a ranar. Mu a nan wanda ke biya a ranar shi muke ɗaga wa waya, mai cewa ku dawo Litinin kuwa sai ya rasa kowa a Disamba. Kuma duk lokacin da gurbi ya samu ka ɗauka daga cikinsu, sauran za su ga akwai gaba.

DanLeba
Shawara mai kyau, sai dai a riƙa rubuta kwanakin da kowa ya yi. Ko aikin ba na kullum ba ne, wanda ya kai kwana 200 a shekara ya cancanci hutun shekara. Littafi ɗaya da sa hannu ya isa.

Inusa_Tafo
Duk na ji ku. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini 13 bai yi yawa ba a ɗaki 22. Ga kuɗin wuta, ga man janareto in an ɗauke, ga kashi 1 na hukumar yawon buɗe ido, ga lasisi, ga haraji. In otal ɗin ya mutu, duka 13 ɗin ne za su zauna a gida, ba tara ba. Tausayi ba ya biyan kuɗin wutar ECG.

Akanta_Mariya
Ban ce bai yi yawa ba, Malam Inusa. Wataƙila goma ne daidai. Cewa na yi a ƙirga kafin a yanka.

Baaba_Sawaba
To na saurara. Sani, na san mahaifinka tun yana sayar da goro kafin ya sa bulo ɗaya a wurin nan. Lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, wata uku bai iya biyan albashi cikakke ba, mutanen nan ba wanda ya tafi. Mai janareton nan a ɗakin injin yake kwana. Ban faɗa maka don in ɗaure maka hannu ba, dukiyar marayu ce kuma kai za a tambaya. Amma akwai masu shekaru a cikinsu da sun kusa 60. Ka duba takardunsu na SSNIT ko Alhaji ya biya daidai, in akwai giɓi ka cike, su sauka da mutunci lokacinsu na yi. Wanda ya tafi kada ka maye gurbinsa sai ka ga dole. Cikin shekara biyu za ka kai adadin da Inusa ke so ba tare da ka kori kowa ba. Yayanka kuma ka ce ya kira ni.

Inusa_Tafo
Shekara biyu, Baaba? In kasuwa ta jira.

Sani_Aboabo
Na gode ƙwarai, jama'a. Daren jiya na ɗauko littafin baƙi kamar yadda Hajiya Mariya ta ce, na kai watan Afrilu barci ya ɗauke ni. Abin da na gani zuwa yanzu, Alhamis ba ta mutu kamar yadda nake zato ba, masu zuwa daga Accra da ƙasar waje tun ranar suke sauka. Litinin da Talata ne matattu. Zan je ofishin SSNIT in karɓo bayanin kowa. Maganar kicin ban yanke ba, sai na ji ta bakin kukun. Yayana na tura masa abin da DanLeba ya rubuta, ya karanta bai ba da amsa ba tukuna.

Baaba, zai kira ka, amma ka san halinsa.

Baaba_Sawaba
Na sani. Ni na yi masa huɗuba.

Ummi_Alabar
Sani, in ka fara haɗa yaran ƙarshen makon ka tuna da ƙanwata. Tana da takardar gwajin lafiya, ba ta ƙare ba sai Nuwamba.

Kuku_Tanko
Ta iya yanka albasa da sauri?